GCC biyu a kan Ubuntu ɗaya, zai yiwu?

Ɗalibi daga Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin kammala digiri, malamina ya ba ni wani tsohon kod na C a filashi, ya ce in ɗora a kai. A kwamfutarsa lafiya lau yake tashi, Ubuntu 20.04 ce mai GCC 9 (GCC shi ne mai mayar da kod ɗin C ya zama manhaja). Tawa 22.04 ce, da GCC 11 ta zo, ina buga make, umarnin gina kod ɗin, sai allo ya cika da "multiple definition". Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. In cire 11 in sa 9 ne, ko za su zauna tare? Data ta yi tsada, ba zan iya sake sauke wata Ubuntu ba.

Amsa daga Argungu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka taɓa 11. Buga sudo apt install gcc-9, zai zauna gefen ɗan'uwansa a /usr/bin, kowa da sunansa. Daga nan make clean, sai make CC=gcc-9.

Daga Jega:
Ko ka yi amfani da umarnin update-alternatives, ka zaɓi wanda zai amsa idan ka kira gcc.

Daga Zuru:
Yallaɓai na Jega, nan fa sai da hattara. Na taɓa mayar da tsohon GCC ya zama na gaba, na manta. Da kernel, wato zuciyar Ubuntu ɗin, ya sabunta, DKMS mai sake gina direbobi ya kasa gina direban wayfai ɗina, na wuni da waya jone da kebul ina laluben dalili. Hanyar CC=gcc-9 ɗin nan ta na Argungu aikinsa kaɗai take shafa, ita nake ba shi shawara.

Wata malama daga Yauri:
Ɗana, laifin ma yana cikin kod ɗin. Tun GCC 10 na 2020 aka daina ɗaga ƙafa ga variable ɗin da aka ayyana a fayil na .h ba tare da extern ba. Duba layin kuskuren, sunansa na nan. Sa masa extern a .h, ka ayyana shi a fayil ɗaya na .c. In lokaci ya ƙure, ƙara -fcommon a umarnin gcc, 11 ɗin ma zai karɓa. Amma ni gyaran na fi so, don ranar kare aiki za a iya tambayarka.

Ɗalibin:
Alhamdu lillahi, gcc-9 ya tayar da shi. Malama, na gano su, guda biyu ne a .h ɗaya. Bayan la'asar zan gyara in gwada da 11. Allah ya saka da alheri.