Wasu ƙananan halittu sun cika min tankin kifi

Salam jama'a, dan Allah a taimaka. Ina da ɗan tankin gilashi lita 20 nan Gombe, 'ya'yan karfasa ne a ciki, tunda na saka ciyawar ruwan da na ɗebo a dam ɗin Dadin Kowa wasu abubuwa farare suka cika jikin gilashin, basu kai ƙwayar gero ba, tsalle-tsalle suke kamar ƙuma. Sau biyu ina canza rabin ruwan, kwana uku sun dawo. Na duba ɗaya a madubin likita, gudu kawai yake, hoton waya ya ƙi fita, amma na ga jan ido guda ɗaya a tsakiyar kai da jaka biyu wajen wutsiya kamar na ƙwai. Kifin dai suna cin abinci lafiya lau. Wai Cyclops (ƙaramar halittar ruwan nan mai ido ɗaya) ne wannan ko kwarkwatar kifi ce?