Wai Love Actually fim ɗin soyayya ne ko na cin amana?

Auta: Jama'a Disamba ta kama an fara maimaita Love Actually, ni dai har gobe ina kan bakana, wannan ba fim ɗin soyayya ba ne, cin amana ce aka yi wa kwalliya da fitilun Kirsimeti. Mai ja ya fito.

Anti: Ke Auta kullum sai kin tono rigima. Fim tun 2003 ake kallonsa duk ƙarshen shekara, ya kawo sama da dala miliyan 240, duk mutanen nan ba su gane ba sai ke?

Auta: Anti kuɗi ai ba hujja ba ne. Ki dubi Mark mana, amininsa Peter ya yi aure, shi ne ma babban abokin ango, ya ɗauki bidiyon biki kaf fuskar amarya kawai yake bi da kyamara, bai tsaya nan ba ya kwaso kwalaye da rubutu ya zo ƙofar gidansu da dare, ya sa ta ce wa mijinta wai masu waƙar Kirsimeti ne, bawan Allah Peter (Chiwetel Ejiofor) na zaune a falo yana kallon talabijin bai san wainar da ake toyawa ba, ita kuma ta bi shi titi da gudu ta sumbace shi. Wannan ce soyayyar?

Kawu: To amma ai bai nemi komai a wurinta ba, ya faɗi abin da ke ransa ya juya ya tafi. Haƙura ya yi.

Yaya: Kawu da girmanka, in ya haƙura me ya kai shi ƙofar? Ya sauke kayan zuciyarsa a kan matar mutane ya bar ta da ɓoye wa miji. Kuma fa Keira Knightley da ta fito a amaryar shekararta 17 lokacin ɗaukar fim ɗin.

Anti: Ku bar Mark, ni ma ba ya burge ni. Emma Thompson ce fim ɗin. Ta ga sarƙar gwal a aljihun kwat ɗin mijinta Harry ta ɗauka tata ce, ta buɗe kyauta gaban yara sai ga faifan waƙoƙin Joni Mitchell, nan take ta gane sarƙar ta tafi wurin sakatariyarsa. Ta shiga ɗaki ta tsaya ta yi kukanta ba sauti, ta share ido, har da gyara zanin gado da hannu, ta fito da fara'a ta kwashi yara zuwa wasan makaranta. Wallahi duk shekara sai na yi hawaye a wurin nan.

Auta: Yawwa Anti kin zo gidana! Wurin da ya fi kowanne kyau a fim ɗin ma na cin amana ne

Kawu: Kun manta Liam Neeson da agolansa Sam, matar ta rasu ya rungumi yaron, yaro ya koyi kiɗan ganga saboda yarinya har da tsere a filin jirgin Heathrow. Ga Sarah da ta bar wanda take so saboda ɗan'uwanta marar lafiya. Labari wajen tara ne a ciki, kun ɗauki biyu kun yanke hukunci.

Yaya: To a ƙirga mana. Firayim Minista da Natalie mai kawo masa shayi, Jamie da 'yar aikinsa 'yar Fotugal da ko yaren juna ba sa ji sai ga neman aure, Harry da sakatariya. Kullum oga namiji, mace a ƙarƙashinsa. Ga zolayar Natalie da ƙiba alhali ba ta da wata ƙiba, shi kansa darakta Richard Curtis a 2023 ya ce wannan barkwancin bai dace ba.

Kawu: Harry dai sarƙa kawai ya saya, ba a nuna ya wuce nan ba.

Auta: Kawu ai Emma Freud da ta tace labarin ta faɗa a Twitter tun 2015, ya wuce nan ɗin. Auren bai mutu ba amma gidan bai koma daidai ba.

Kawu: Abin da ba a nuna a fim ba ni ba na lissafa shi.

Anti: Kawu ka sake kallon yadda Emma Thompson ta tarbi Harry a filin jirgi a ƙarshe, ka dubi fuskarta kawai, sai ka dawo mu ci gaba.