Kyauta, gayya ko buɗaɗɗiya: da wane suna za mu kira irin su Linux?

Jama'a, assalamu alaikum. Kalma nake nema, na kuma kusa tsayawa a kan ɗaya, amma ina so ku ji hanyar da na biyo kafin ku yanke mini hukunci.

Makon jiya ƙanwata ta kawo mini tsohuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka. Windows 10 ce a kai, wadda Microsoft ta rufe tallafinta na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ta ƙi hawa saboda na'urar ba ta da guntun tsaron nan TPM 2.0. Inji kuwa lafiyarsa ƙalau, shekaru ne kawai. Na ce bari mu ɗora mata Linux Mint, wani nau'in Linux da ke iya maye gurbin Windows. Ta ce, "Yaya, ita kuma wace iri ce?" Na ce mata "open source" ce. Ta dube ni, na dube ta. A nan na gane ban faɗa mata komai ba.

Sauran kalmomin ba su ba ni wahala ba. Irin su Windows da Linux da Android, waɗanda sauran manhajoji ke zaune a kansu, ni "uwar manhaja" nake cewa. Wasu na cewa "babbar manhaja", ba laifi. Saka ta a kwamfuta kuwa masu gyara sun riga sun gama mana: "ɗora". Na ga masu fassara na rubuta "girka", kuma Hausa ce mai kyau, yadda ake girka tukunya a murhu. Amma je ka shagon mai gyara ka saurara, "a ɗora mini Windows" za ka ji. Abin da bakin mutane ya riga ya kama, ba na jayayya da shi.

Ɗorawar ma ba ta fi awa guda ba. Muka kwashe hotunanta da takardunta zuwa wani wuri tukuna, wannan kada wanda ya tsallake shi. Muka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da Mint ɗin gaba ɗaya, muka rubuta shi a filashi mai gigabait 8 da manhajar Rufus, muka kunna kwamfutar muna danna F12 har ta tashi daga filashin. Wasu injinan F9 ko Esc suke so. Mint takan bar ka ka ɗanɗana ta daga filashi ba tare da ta taɓa abin da ke ciki ba, sai muka gwada sauti da kamara da intanet, sannan muka ɗora. Da muka zo zaɓen tsarin madannai, sai ga Hausa ta Najeriya a jeri, har da ta Gana, da ɓ da ɗ da ƙ. Ta yi murna da wannan fiye da komai.

To mu koma kan kalmar. Abin da ake nufi shi ne: kowace manhaja akwai rubutun da masu ƙirƙira suka yi, wanda daga gare shi ake haɗa ta. Yawancin kamfanoni sukan ɓoye nasu, kamar mai magani da zai ba ka ƙulli ya ce ka sha safe da yamma, amma ba zai gaya maka saiwoyin da ya daka ba. Su kuma waɗannan sun baje rubutun a fili, da izinin kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Haka Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya yi a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland.

Kalmar da na fi ji a bakin mutane ita ce "manhajar kyauta". Ita nake so mu bari, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. WhatsApp kyauta kake sauke ta, amma ba ka isa ka ga rubutunta ba. Windows ɗin da aka fasa, wadda ake ɗora wa mutane ba lasisi, ita ma "kyauta" ake ce mata. Idan muka sa Linux a kwando ɗaya da waɗannan, mun koya wa mutane cewa kayan wanda ba shi da kuɗi ce, ko kayan sata. Alhali lasisin GPL, wato ƙa'idar da ake raba Linux a kanta, bai hana sayarwa ba. Kamfanin Red Hat da Linux yake ciniki, kuma IBM ta saye shi a 2019 a kan dala biliyan 34.

Turawa ne ke da wannan ciwon kai, don kalmarsu "free" tana nufin kyauta tana kuma nufin 'yanci. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU a 1983 don samar da uwar manhajar da kowa ke da 'yancin gyarawa da rabawa, 'yanci yake nufi, ya kuma sha fama da bayani. Ruɗanin na cikin abin da ya sa a 1998 Christine Peterson ta kawo sunan "open source". Mu harshenmu ya raba biyun tun fil azal. Don me za mu aro ruɗanin da ba namu ba?

Sai "manhajar gayya". Wallahi na so wannan, kwana biyu ina juya ta a baki. Tana nuna yadda ake aikin: dubban mutane daga ƙasashe daban-daban, kowa ya kawo fartanyarsa. Debian, wani nau'in Linux wadda Ubuntu ta fito daga cikinta a 2004, Mint kuma ta fito daga Ubuntu, har yau 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita. Amma wani dattijo manomi da na yi wa bayani ya kwance mini ita da magana ɗaya. Ya ce, "Ɗana, in an tashi daga gayya, hatsin na mai gona ne." Gaskiya ya faɗa. Gayya ta faɗi yadda aka yi noman, ba ta faɗi wanda zai ɗebi amfanin ba. Kuma akwai manhajar da mutum ɗaya ya rubuta a ɗakinsa ya baje rubutunta, ba gayyar kowa, ita ma tana cikin wannan gida.

Na kuma duba "waƙafi", kamar rijiyar da aka haƙa don kowa ya sha. Ta yi kusa ƙwarai da ruhin GPL, wanda ya ce in ka gyara ka raba, dole ka bar naka a buɗe yadda ka same shi. Sai dai waƙafi ba a sayar da shi, kuma kalma ce mai hukunce-hukuncenta a fiƙihu. Ba na son mu ja ta inda malamai za su ce mun yi mata ƙari.

Inda na tsaya: "buɗaɗɗiyar manhaja". Na san wasu na rubuta "buɗaɗɗen tushe", amma wannan bin Turanci ne ƙafa da ƙafa, kuma Bahaushe in ya ji tushe, itace ko asalin mutum yake tunawa. Buɗaɗɗiya tana da jam'i, buɗaɗɗun manhajoji. Tana da kishiya a shirye, rufaffiyar manhaja. Tana kuma jawo tambayar da ake so a yi: me aka buɗe? Da na gwada ta a kan ƙanwata, abin da ta tambaya ke nan, na ba ta labarin mai magani da ƙullinsa, ta gane nan take. Kalmar Stallman kuma mu ba ta nata suna, "'yantacciyar manhaja", tunda su ma can ba su haɗe biyun ba.

Saura ɗaya da ta gagare ni. Linux a ainihinta ba dukan uwar manhajar ba ce, ita ce ɓangaren can ciki da ke magana da injin, abin da suke kira "kernel". Ina tsakanin "ƙwaya" da "ɓargo", kuma na fi karkata ga ɓargo, don ƙwaya ta riga ta yi wani suna a gari. Malaman Hausa da masu gyaran kwamfuta, ku kawo naku.