Ɗan yayata na so in zuba miliyan huɗu a fim, ku ba ni shawara

Mai Atamfa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da shago a babbar kasuwa. Ɗan yayata ya zo mini da maganar fim a kan tarihin Ɗan Kasawa da yadda Katsinawa suka kafa Maraɗi. Ya ce babban aiki ne, da dawakai da lifidi da jarumai biyu daga Kano, zai ci miliyan 15 na sefa, ni in kawo 4. Kyamara suna da tasu, labarin ma an rubuta. Tambayata ɗaya ce: in ba shi bashi, ko in shiga a raba riba? Kafin babbar salla suke son farawa.

Ɗan Zariya: Wa'alaikumussalam Alhaji. Kada ku kuskura ku sayi kyamara, haya ake yi. Jika 25 a wuni.

Mai Atamfa: Na ce suna da tasu, ɗana.

Na Bagalam: Jika 25 a wace shekara? Bikin ƙanwata jika 60 muka biya, ban da man gurup.

Mushe Lisse: Alhaji, ku fara tambayarsa ta ina kuɗin za su dawo. A 2012 kamfanin Disney ya kashe sama da dalar Amurka miliyan 250 a fim ɗin John Carter. Ya tara kusan miliyan 284 a gidajen silima na duniya, amma kamfanin da bakinsa ya ce ya yi asarar kimanin miliyan 200. Dalili, kusan rabin kuɗin tikiti na masu gidajen silima ne, kuɗin talla kuma daban yake, ba ya cikin na ɗauka. Kuma mutane da yawa sun ga tallar ba su gane labarin me za su je kallo ba. To su da ake haska fim ɗinsu a dubban gidajen silima ke nan. Ku a ina za ku haska naku?

Kabu-kabu 44: Mushe, shi wannan Jon Kata ɗan wace unguwa ne? Ko shi ma ƙanen uwarsa ya ba shi jari?

Tsohon Furodusa: Alhaji, ku saurare ni, ni na sha wannan ruwa. Filina na unguwar Ali Ɗan Sofo na sayar. Jarumin da muka ɗauko sai da ya karɓi kuɗinsa cif kafin ya taso daga Kano. Mun yi alkawarin kwana bakwai da shi, na je har Ɗan Isa na tarbo shi, na sa shi a otal mai sanyi. Ran na huɗu ya ce an kira shi wani aiki, ya bar mu da rabin labari. Dole darakta ya kashe shi a tsakiyar fim, aka sa wani yaro ya kwanta aka lulluɓe da zane, shi ne gawar.

Dawakai kuwa kada ma a yi magana. Doki bai san darakta ba. Mun yi wuni guda cur a bakin Gulbi muna son guda shida su taso tare, ana cewa a fara sai ɗaya ya juya ya nufi gida. Kowanne da mai kula da shi, kowa sai ya ci, dokin ma sai ya ci.

Aka kai Kano aka haɗa hoto da sauti, na buga faifai. Kwana uku da fitowa, ɗiyata ta shigo da murna tana nuna mini fim ɗina a salula, wai dala ashirin ta biya aka tura mata a bakin tasha. Ita a ganinta albishir ta kawo mini. Faifan nan kwali huɗu suka rage. Yanzu ƙanena ke ɗiba yana rataya su a gonar hatsi, ƙyallinsu na korar tsuntsaye.

Hajiyar Mokoyo: Allah ya mayar da alheri, Malam. Amma ku ma masu fim kuna da naku. Na yi wa wasu girki kwana tara, mutum talatin, safe da rana da dare. Har yau ana ce mini sai fim ya fito. Jikan da nake goye da shi lokacin yanzu yana lakwal.

Ɗan Zariya: Baba Furodusa, da girmamawa, zamanin faifai kuke ba da labari. Yanzu YouTube ne, a yanka shi kashi-kashi duk mako.

Tsohon Furodusa: Kai fim nawa ka taɓa yi? Mai hoton biki zai koya mini sana'a?

Ɗan Zariya: Ban yi ko ɗaya ba, shi ya sa filin gidanmu yana nan.

Mushe Lisse: Ku yi haƙuri. Yaron yana da gaskiya ta wani gefe, 'yan Kano da yawa sun koma masu dogon zango a YouTube da Arewa24. Amma duba irin abin da suke ɗauka: falo, tsakar gida, mota guda. Ba wanda ke hayar dawaki duk mako. Ga kuma canji: za ku kashe sefa, masu saye mafi yawa suna Najeriya, naira za su biya, kun kuma ga yadda ta zube tun 2023.

Na Bagalam: Mushe, ku a littafi kuka karanta. A bar waɗanda suka yi asara su yi magana.

Kabu-kabu 44: In asara ce takardar shiga, Hajiya ce shugaba.

Mai Turi: Tunda an taɓo mu, bari in ce wani abu. Kullum mu ne ɓarayi. Ni saye nake daga wanda ya kawo, kuma dala goma nake turawa, ban san mai karɓar ashirin ba. Tsohuwar da ke Tibiri ko Madarunfa, wa zai kai mata fim ɗinku in ba mu ba? Yamai za ta je gidan silima? Ku kawo mana da kanku mu yi ciniki, ba ku taɓa zuwa ba.

Tsohon Furodusa: Wanda ya kawo maka, shi wa ya ba shi? Gonar wani ka girbe kana cewa ka taimaki masu yunwa.

Mai Turi: Baba, ni ma ba riba nake kwasa ba. Ina cikin tura wa mutum kashi goma kuran ya ɗauke, kwamfuta ta mutu, in mayar masa da kuɗinsa. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023 wata nawa na yi ina ƙona mai a gurup?

Hajiyar Mokoyo: Wannan kam gaskiya ne. Ni firjin ƙanƙarata ce ta ƙone, wuta ta dawo da ƙarfi cikin dare. Wa ya san mai gyara na kirki wajen Sabon Gari? Na farko gas kawai ya zuba ya karɓi jika 12.

Na Bagalam: Jika 12? Hajiya an cuce ki, 7 ne.

Mai Atamfa: Na gode jama'a. Yaron ya sake kirana yanzu, wai mai dawakai na jiran kafin alƙalami gobe. Har yanzu ba wanda ya ce mini bashi ko raba riba.

Kabu-kabu 44: Alhaji, in an tashi ɗauka a sa ni cikin mayaƙa. Ina da rawani.