Guguwa ta yaye min rufi, cek ɗin inshora bai kai rabin kuɗin gyara ba

Baban Ummi, St. Louis:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Guguwar ranar Juma'a 16 ga Mayu 2025 ta bi ta kan layinmu a nan St. Louis, Amurka. Alhamdu lillahi ba a rasa rai a gidana ba, amma rabin rufi ya tafi, bishiyar maƙwabci ta faɗo kan gareji, ruwan sama kuma ya jiƙa ɗakuna biyu na sama. Mai ƙiyasin kamfanin inshora, adjasta kamar yadda suke cewa, ya zo bayan kwana tara, ko minti arba'in bai yi ba ya tafi. Jiya cek ya iso, dala 11,400, alhali masu rufi biyu da na kira kowanne ya haura dubu 25. Wai kuma sunana da na bankin da ke bi na bashin gida aka rubuta tare. Idan na saka cek ɗin nan, na yarda ke nan magana ta ƙare? Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Malam Na-Dayton:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Mu a daren 27 ga Mayu 2019 ta same mu a Trotwood kusa da Dayton, kuma irin wannan cek ɗin ya hana ni barci. Ka ɗauko takardun ƙiyasin da suka haɗo da shi, ka duba shafin ƙarshe. Za ka ga jimillar kuɗin gyara, a ƙasa sun cire kason da ke kanka, wato kuɗin da kai za ka biya daga aljihunka, sannan sun cire wani abu da suke kira ragin tsufa. Wato rufin da ya shekara 12 ba za su biya shi da kuɗin sabo ba a tashin farko. Abin tambaya shi ne wace irin yarjejeniya ka sa wa hannu. Idan ta sauya sabo ce, wannan ragin ajiya ce kawai, kana gama aiki ka tura musu rasit su sako ragowar. Idan kuwa ta darajar abu a ranar da ya lalace ce, to ya tafi. Tawa ta sauya sabo ce, na karɓi cek na biyu bayan wata biyar. Saka cek na farko bai rufe min ƙofa ba, abin da za ka guda shi ne sa hannu a kan wata takarda da ta ce wannan ne biyan ƙarshe.

Batun banki kuwa, haka tsarin yake, tunda gidan jingina ne a hannunsu. Ni sai da na sa hannu na aika musu, suka riƙe, suka riƙa sako min kashi uku, kafin kashin ƙarshe sai da suka turo mutum ya ga aiki. Ka kira su tun yau ka nemi jerin takardun da suke so, domin nan na ɓata sati shida a banza.

Maman Sadiya, Bowling Green:
Sannu Baban Ummi, Allah ya kiyaye gaba. Ku ma ku gode Allah kuna da abin jayayya a kai. Mu haya muke zaune lokacin guguwar Disamba 2021, cikin dare ta zo. Na ɗauka inshorar mai gida ta haɗa da mu. Ashe ginin kawai ta rufe, kayanmu ko cokali ba ruwanta. Inshorar 'yan haya da maigidana ya riƙa cewa ɓarnar kuɗi ce, a wata ba ta kai abin da muke kashewa a cefanen kwana biyu ba. Mota ma haka, mai arha muka yanka, wadda ke biyan wanda ka buge kaɗai, don haka da allon gini ya farfasa ta babu wanda ya ba mu sisi. FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin Amurka, ita ce ta taimaka mana da kuɗin haya na ɗan lokaci. Kai ma ka yi rajista da su, amma ka sani ba sa biyan abin da inshora ta riga ta biya, za su nemi wasiƙar kamfaninka da ke nuna abin da aka ba ka da abin da aka hana.

Alhaji Mai Tirela, Oklahoma:
Ɗan'uwa, ni na ga guguwar garin Moore ta 20 ga Mayu 2013, mai matsayi na biyar, mafi ƙarfi a ma'auninsu. Gefenta kawai ya shafe mu, duk da haka sai da aka sauya rufi da tagogi. A nan na gano cewa kason da ke kaina ba dala dubu ɗaya ba ne kamar yadda na haddace. Na iska da ƙanƙara daban yake, kashi 2 cikin 100 na darajar da aka yi wa gidan inshora. Gidan dubu 200 ka ga dubu 4 ke nan daga aljihunka kafin su motsa. Shekara shida ina biya ban taɓa karanta wannan shafin ba.

Abin da ya cece ni shi ne na sa suka sake turo adjasta, ranar kuma mai rufina yana nan, suka hau tare. Na farkon bai ɗaga ko falle ɗaya ba, bai shiga saman silin ba. Da aka shiga sai ga katako uku sun tsage. Kuɗin da ake ƙarawa in an gano irin wannan ɓarnar, ƙari suke kiransa, kuma abu ne da suka saba yi kullum, kada ka ji nauyin nema. Kuma ka daina yi musu magana ta waya kaɗai. Duk abin da aka ce maka, ka rubuta imel ka ce yau kun ce kaza, da kwanan wata.

Yaya Bintu, Dallas:
Ni gargaɗi na zo yi. Bayan ta 20 ga Oktoba 2019, ko kwana biyu ba a yi ba masu motoci da lambar wasu jihohi suka cika unguwa suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wani ya ce zai rufa min tamfol kyauta, in sa hannu a nan kawai. Allah ya sa ɗiyata ta karanta, ashe takardar miƙa masa kwangilar duka ce da duk abin da inshora za ta biya. Wani kuma ya ce zai yafe min kasona, abin da dokar Texas ta haramta tun watan Satumba na shekarar. Tamfol dai dole ka rufa, domin in ka bari ruwa ya ƙara ɓarna za su ce sakacinka ne, amma ka biya da kanka ka ajiye rasit. Kada ka zubar da katifa ko kafet sai ka ɗauki hoto. Ni hotunan sunan jikata ne suka zama hujja, domin a bayan mutane ana ganin kujeru da talabijin da labule. Kuma in ba ku kwana a gidan, kuɗin otal da ƙarin abin da kuke kashewa a abinci suna da nasu sashe a yarjejeniyar, mutane da yawa ba sa nema.

Alhaji Mai Tirela, Oklahoma:
In suka yi taurin kai ka ɗauki adjasta mai zaman kansa ya tsaya maka. Maƙwabcina ya yi, kuma ya ji daɗi.

Malam Na-Dayton:
Alhaji, a gafarce ni, a nan ba na tare da kai. Waɗannan kaso suke ɗauka cikin abin da aka biya, galibi wajen kashi 10 cikin 100. Wanda gidansa ya rushe ƙurmus, ana maganar ɗaruruwan dubbai, shi ya dace da su. Amma kan rufi da ɗakuna biyu, abin da za su ci na iya zama daidai kuɗin fentinsa. Ya fara da neman ƙari. In an ƙi, kowace jiha tana da hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora, kai ƙara wurinta kyauta ne, kuma dole kamfani ya ba da amsa a rubuce. Yarjejeniyoyi da yawa ma suna da sharaɗin sasanci: ka kawo mai ƙiyasinka, su kawo nasu, a sami na uku ya raba gardama.

Baban Ummi, St. Louis:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Malam, na duba, tawa ta sauya sabo ce, dala 6,900 suka riƙe na tsufa, ni ko lura ban yi ba. Garejin ma babu shi sam a ƙiyasin. Na ɗauka inshorar maƙwabcina ce za ta biya tunda bishiyarsa ce, yau aka ce min a'a, iska ce ta kayar da ita, don haka tawa ce. Na tura imel na neman a sake dubawa, sun sa ranar Laraba, mai rufi ya ce zai zo da tsani. Yaya Bintu, rasit ɗin tamfol ne na rasa inda na jefa shi, yanzu Ummi na zazzage aljihun motar.