Ƙara gas a babbar na'urar sanyi ta saman rufi

Tambaya: Assalamu alaikum, iyayen gidana. An kira ni wani kanti da na'urarsa mai amfani da gas ɗin sanyaya na R410A ta rage sanyi, geji kuma ya nuna matsin ya yi ƙasa. Shin in ƙara gas kai tsaye?

Amsa: Wa alaikumussalam, ƙanena. Gas ba ya ƙarewa sai akwai yoyo, saboda haka ka nemo wurin da naitirojin da ruwan sabulu, ka liƙe, ka zuƙe iskar cikin bututun har ma'aunin zuƙar ya nuna maikiron 500, sannan ka auna gas da sikeli daidai nauyin da ke rubuce a jikin na'urar.

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Kafin komai a wanke kwandensa (sashen da ke fitar da zafi) da matatar iska, domin ƙurar hunturu tana sa geji ya yaudari mutum.

Amsa: R410A haɗin gas biyu ne, dole a zuba shi yana ruwa, a hankali, kada ya lalata kwamfuresa, injin da ke matse gas ɗin. Kada ka gauraya shi da R22, wani gas ɗin sanyaya daban, man kwamfuresarsu ma ba ɗaya ba ne.