An zalunci Geoffrey Mutai a Boston ne, ko doka ce ta yi aikinta?

Ɗan Auta: Salamu alaikum jama'a. Ina nan a kan bakana, an danne wa Geoffrey Mutai haƙƙinsa. Ranar 18 ga Afrilun 2011 ɗan Kenyan nan ya gama gudun fanfalaki na birnin Boston cikin awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 2. A lokacin tarihin duniya yana hannun Haile Gebrselassie, awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 59, wanda ya kafa a Berlin a 2008. Daƙiƙa 57 cur Mutai ya zaftare. Nisan ɗaya ne, kilomita 42 da mita 195. Amma hukumar guje-guje ta duniya ta ƙi rubuta shi a matsayin tarihi. Wallahi da Bature ne ya yi wannan gudun, da an nemo dabarar da za a ba shi.

Koci: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara cire maganar launin fata, don ba ta da wurin zama a nan. Gebrselassie da aka bar wa kambun ɗan Habasha ne. Wanda ya karɓe shi bayan wata biyar, Patrick Makau, da awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 38 a Berlin, ɗan Kenya ne kamar Mutai. To wane Bature aka kare? Dokar kuma ta riga gudun zuwa. Sharuɗɗa biyu ne hanyar Boston ta kasa cikawa. Kada gangaren hanya daga mafari zuwa ƙarshe ya wuce mita ɗaya a kowace kilomita, wato kamar mita 42 ke nan a duk tseren. Daga Hopkinton inda ake tashi zuwa tsakiyar Boston, ƙasa tana sauka kusan mita 140. Sannan in ka ja miƙaƙƙen layi tsakanin mafari da ƙarshe, kada ya wuce rabin nisan tseren. Ita kuwa hanyar Boston daga yamma take tasowa ta nufi gabas kusan ɗoɗar.

Ɗan Auta: To mene ne laifin miƙaƙƙiyar hanya, Koci?

Koci: Iska. In hanya ta kewaya ta dawo kusa da inda ta faro, iskar da ta tura ka a tafiya za ta tare ka a dawowa, an yi canjaras. In kuwa gaba ɗaya kuka fuskanta, kuma aka yi dace iska tana bayanku, awa biyu za ta yi tana ingiza ku. Abin da ya faru ke nan a 2011. Dubi sakamakon ranar. Tarihin hanyar kafin nan awa 2 da minti 5 da daƙiƙa 52 ne, na Robert Kiprono Cheruiyot a 2010. A yini ɗaya mutum huɗu suka karya shi. Moses Mosop da ya zo na biyu, daƙiƙa huɗu kacal tsakaninsa da Mutai, kuma wannan ne fanfalakinsa na farko a duniya. Ryan Hall ɗan Amurka ya zo na huɗu da awa 2 da minti 4 da daƙiƙa 58, alhali a wata hanyar bai taɓa sauka ƙasa da awa 2 da minti 6 ba. Ba zai yiwu a ce dukansu a rana ɗaya suka zama wasu mutane daban ba.

Yaya na Amurka: Koci, lissafinka daidai ne, amma akwai abin da nake so in gyara kada yara su ɗauka Boston hanya ce mai sauƙi. Ina zaune a jihar Massachusetts, kuma nakan je in tsaya a Newton, ɗaya daga cikin garuruwan da tseren ke ratsawa, in ga yadda mutane suke isowa. Gangaren da ake magana galibinsa a farkon tseren yake, kuma shi ne tarkon. Mutum yana jin jikinsa sakayau sai ya saki ƙafa, bai san cinyoyinsa ne suke biyan kuɗin kowane taku ba. Yana wuce kilomita 25 sai tuddan Newton guda huɗu su tare shi, na ƙarshensu wajen kilomita 33, shi ne Heartbreak Hill, wato tudun karayar zuciya. Tudun ba wani dogo ba ne, in da safe ka same shi da sabuwar ƙafa ko a jikinka. Amma a wannan lokacin na ga ƙarti majiya ƙarfi suna tafiya suna kuka. Eliud Kipchoge da kansa, yana riƙe da tarihin duniya, ya zo a 2023 ya ƙare na shida, Evans Chebet ya lashe. A 2018 da aka yi ruwan sama mai sanyi da iska ta gaba, Yuki Kawauchi ɗan Japan ya ci da awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 58. Hanya ɗaya ce, amma tazarar kusan minti 13 ce tsakaninsa da Mutai.

Koci: Ai ka ƙarfafa maganata, Yaya. Hanyar da bana za ta ba ka kyauta baɗi ta ƙwace, ba a auna tarihin duniya da ita.

Ɗan Auta: Shi ke nan, sai su gyara hanyar. Su mai da ita kewaye kamar ta Berlin ko Chicago, kowa ya huta. Me ya sa fanfalakin shekara-shekara da ya fi kowanne tsufa zai zauna a wajen littafin tarihi?

Kawu: Ɗana, a nan ne zan sa baki. Na koyar da wasannin motsa jiki har na yi ritaya, kuma wannan tseren na daɗe ina bibiyarsa. Ranar 19 ga Afrilun 1897 aka fara shi, shekara ɗaya bayan wasannin Olamfik na farko a Atina, inda 'yan ƙungiyar wasanni ta Boston suka ga fanfalaki suka dawo da shi gida. Mutum 15 suka tashi, John McDermott ya yi na ɗaya. Ranar da suka zaɓa ita ce Ranar 'Yan Kishin Ƙasa, wadda suke tunawa da faɗan Lexington da Concord na 1775, mafarin yaƙin neman 'yancinsu daga Ingila. Tun 1969 ake yin hutun a Litinin ta uku a watan Afrilu, tseren ma ya bi shi. Makarantu a rufe, iyali su fito bakin titi, garuruwa takwas ake ratsawa kuma kowanne yana da abin da aka san shi da shi. A Wellesley ɗalibai mata na kwalejin garin suna jeruwa suna ihu, ana jiyo su tun daga nesa. Ƙungiyar wasan baseball ta Red Sox takan buga wasanta da hantsi a filin Fenway, 'yan kallo su fito su tarar da masu gudu suna wucewa. Sunan tudun Heartbreak Hill ma a kan hanyar aka haife shi: a 1936 Johnny Kelley ya cim ma Ellison Brown a wurin, ya dafa masa kafaɗa ya wuce, Brown ya harzuƙa ya sake wuce shi ya lashe tseren, aka ce a nan zuciyar Kelley ta karye. Wannan Kelley sau 61 yana tsayawa a layin farawa a rayuwarsa. Kai da ka san hawan Sallah, in aka ce Sarki ya bar hanyar da kakanninsa suke bi ya koma wani sabon titi don ya fi faɗi, me zai saura? Mutanen Boston ba za su sayar da wannan don layi ɗaya a littafin hukuma ba, kuma ina bayansu.

Anti Likita: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja kaɗan. In aka ce al'ada ba ta taɓuwa, ni da ire-irena har yau muna bakin titi muna tafi. A 1966 Bobbi Gibb ta nemi shiga aka hana ta don ita mace ce, sai da ta ɓuya a cikin shuke-shuke kusa da mafari sannan ta faɗa cikin maza, kuma ta kai ƙarshe. A 1967 Kathrine Switzer ta samu lamba 261, ɗaya daga cikin shugabannin tseren, Jock Semple, ya biyo ta a guje yana ƙoƙarin yage lambar daga jikinta. Shi ma da sunan kare al'ada ya yi. Sai 1972 aka yarda mata su shiga a hukumance, Nina Kuscsik ta ci. Ba don an karya waccan al'adar ba, da ba mu ga Fatuma Roba ta Habasha ta lashe sau uku a jere daga 1997 zuwa 1999 ba, ko Catherine Ndereba ta Kenya sau huɗu. Hanyar ma ai an taɓa ta. Daga Ashland ake tashi da farko, sai a 1924 aka ja mafarin baya zuwa Hopkinton. Da tsakar rana ake farawa, a 2007 aka dawo da shi safiya.

Kawu: Gaskiya kika faɗa, 'yata, ban musa ko ɗaya ba. Har kuɗi ma, shekara da shekaru ba a ba wanda ya ci ko sisi, sai a 1986 da manyan 'yan gudu suka fara ƙaurace musu aka sa lada. Bayan shekara biyu Ibrahim Hussein na Kenya ya zama ɗan Afirka na farko da ya lashe. Amma ki lura, duk waɗannan ƙofa aka buɗe wa wanda aka rufe a waje: mata, masu keken guragu tun daga Bob Hall a 1975, da talakan da ba zai iya barin gonarsa ya yi gudu kyauta ba. Wa hanyar ta hana shiga? Kowa tudu ɗaya yake hawa, iska ɗaya take kaɗa shi.

Anti Likita: Wannan bambancin na karɓa. Abin da ba na so shi ne a riƙa cewa "haka muka tarar" a rufe baki da shi.

Yaya na Amurka: Ku ƙara da 2013. Bama-bamai biyu suka tashi kusa da layin ƙarshe a titin Boylston, mutum uku suka rasu, ɗaruruwa suka jikkata. Lelisa Desisa na Habasha da ya ci a ranar ya mayar wa birnin da lambar yabonsa. Da shekara ta zagayo aka sake bin hanyar nan taku bayan taku, aka ƙare a wuri ɗaya, Meb Keflezighi haifaffen Eritiriya ya zama namiji ɗan Amurka na farko da ya ci tun 1983. Bayan wannan, duk wanda ya ce a ɗauke ƙarshen tseren daga Boylston ba zai samu mai saurarensa a garin nan ba.

Ɗan Auta: Na ji, a bar musu hanyarsu. Amma Koci, ba ka gama da ni ba. A Berlin ana hayar mutane su shiga gaba su ja gudu, su tare wa gwani iska har kilomita 30 sannan su fice. A Boston ba a yin haka, Mutai da ƙafarsa da Mosop a wuyansa ya yi nasa. Don me taimakon iska ya zama haram, taimakon da aka biya kuɗi aka saya ya zama halal? Kuma a watan Nuwamban shekarar ya je New York, hanya mai gadoji da hawa, ya yi awa 2 da minti 5 da daƙiƙa 6, ya rushe tarihin da ya shekara goma. Wannan ma iska ce?

Koci: A'a, wannan ƙarfinsa ne, kuma ni a wurina babu wanda ya kai Mutai a 2011, har da Makau. Sai dai ka tuna a 2012 ya je Berlin ɗin, ga shimfiɗaɗɗiyar hanya ga masu jan gudu, ya ci amma da awa 2 da minti 4 da daƙiƙa 15. Game da masu jan gudu kuwa, hujjar hukuma ita ce kowane tsere yana iya hayarsu, iska kuwa ba a yin odarta. Hujjar ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba. Su da kansu sun san jan gudu taimako ne, shi ya sa a ɓangaren mata suke ajiye tarihi biyu, na tseren da aka gauraya da maza da na mata zalla.

Ɗan Auta: To su yi wa maza haka mana. Tarihi ɗaya na wanda aka ja, ɗaya na wanda ya yi da kansa.

Koci: Ko an yi hakan, na Boston ba zai shiga ba saboda gangare da iska. Amma in takardar neman wannan za ka rubuta, kawo in sa hannu.